Shin rumbun bayanan harshe yana shiga lissafin ƙarin girma a jami'a?

Tambayar ta fito ne daga wata malama mai koyar da kimiyyar harshe a ɗaya daga cikin jami'o'inmu. Ta ce ta shafe shekara huɗu tana naɗar muryoyin tsofaffi a wani ƙaramin harshe na ƙasar Bauchi, ta rubuta maganganunsu, ta fassara su zuwa Hausa da Ingilishi, ta kuma gina ƙamus a kwamfuta. Da ta zo neman ƙarin girma zuwa matsayin Babbar Lakcara, sai aka ce mata wannan ba wallafa ba ce, maƙala da littafi kaɗai ake ƙirgawa. Tana so ta san ko haka abin yake, ko kuwa lokacinta ta ɓata.

Malama, sannu da ƙoƙari, Allah ya saka miki da alheri. Ba ki ɓata lokacinki ba ko kaɗan. Abin da kika yi bincike ne cikakke, kuma ya fi maƙaloli da yawa da na taɓa sa wa maki da hannuna nauyi. Sai dai wanda ya ce miki ba za a ƙirga shi ba, shi ma bai yi miki ƙarya ba, in dai littafin ƙa'idojin jami'arku irin waɗanda na saba gani ne. A cikinsu akwai gurbin maƙalar mujalla, da gurbin littafi, da na babi a cikin littafi, da na takardar taro, kowanne da makinsa. Rumbun bayanai ba shi da gurbi, abin da ba shi da gurbi kuwa magatakarda ba ya da inda zai rubuta shi.

Na taɓa zama a kwamitin tsangaya aka kawo fayil ɗin wani matashin malami. Takardunsa a ɗinke tsaf, a bayan bangon ƙarshe kuma ya manna wata 'yar ambulan mai ɗauke da faifan CD, ya rubuta sunan harshen da ya yi aiki a kansa da jan biro. Aka yi ta miƙa ambulan ɗin daga hannu zuwa hannu, kowa ya juya ta ya miƙa wa na kusa da shi. A duk kwamfutocin da ke ɗakin babu mai wurin sa faifai. Shugaban zaman ya tambaya ko an buga abin a wata mujalla, aka ce a'a, sai aka wuce. Har yau abin yana ci mini rai, domin daga baya na buɗe faifan a gida na tarar da aikin da ya fi duk abin da ke cikin fayil ɗin daraja. Amma da na natsu sai na gane cewa 'yan kwamitin ba mugunta suka yi ba. An ce ba a cinikin biri a sama. Ba su ga kayan ba, ba su san wanda ya duba ingancinsa ba, ba su kuma da tabbacin cewa abin da ke cikin faifan yau shi ne zai kasance a ciki gobe.

Abin da ya sa nake cewa ƙa'idar ce ta gaza, tarihin nazarin Hausa kansa ne ya koya mini. Ki dubi littattafan da muke tinƙaho da su. Magana Hausa na ɗan mishan J. F. Schön, wanda ya fito a 1885, tarin labarai ne da zantuka, da yawansu daga bakin Dorugu, wani matashin Bahaushe da aka kai Ingila. Tatsuniyoyin da Frank Edgar ya buga a juzu'i uku tsakanin 1911 da 1913, tarin rubuce-rubucen malamai ne da aka tattara. Ƙamus ɗin Bargery na 1934, mai kalmomi kusan 39,000, rumbun bayanai ne da aka zuba a takarda saboda a lokacin babu wani mazubi sai ita. Babu farfesan da zai tashi a zauren taro ya ce waɗannan ba wallafa ba ce. To me ya bambanta su da naki? Naki yana ɗauke da muryar mai maganar, ana iya komawa a saurara a tabbatar ko kin rubuta daidai. Wanda ke karanta Edgar yau ba shi da wannan damar. Idan rubutun ya ce “kuka”, sai dai mahallin magana ya gaya masa ko itaciya ake nufi ko zubar da hawaye, tunda rubutun yau da kullum ba ya nuna karin sauti.

Akwai masu cewa wannan tattara bayanai ne kawai, bincike kuwa sai an zo fagen nazari. Duk wanda ya faɗi haka bai taɓa zama gaban manhajar ELAN, wadda ake rubuta maganar da aka naɗa da ita, da abin sauraro a kunne ba. Ke kin sani. Tsohuwa ta yi magana ta daƙiƙa uku, haƙoranta sun zube, akuya na kuka a bayan gida, ki mayar da muryar sau ashirin. Sannan ki yanke hukunci: wannan ɗan sautin da ke bin bayan aikatau, kalma ce mai cin gashin kanta ko ɗafi ne? Wasalin dogo ne, ko gajiya ce ta sa ta ja shi? Sautin da ya faɗi a ƙarshe na kalmar ne ko na jimlar? Kowace amsa da kika bayar matsaya ce a kan ƙirar kalma da tsarin sautin harshen, kuma dole matsayar ta dace da sauran dubban wuraren da abin ya sake fitowa. Ranar da kika gano cewa kin yi kuskure, sai kin koma baya kin gyara su duka. A harshen da ba a taɓa rubutawa ba, minti ɗaya na magana yakan ci awa guda ko fiye kafin a rubuta shi, a fassara, a fayyace kowace ƙwayar ma'ana. Mai rubuta maƙala yana da damar zaɓen misalai goma sha biyu da suka goyi bayan ra'ayinsa ya bar sauran a aljihu. Mai rumbu ba shi da wannan mafaka, duk abin da bakin mai magana ya furta sai ya ba da bayaninsa, har da wanda ya rushe masa ra'ayi.

Wannan muhawara ba a kanmu aka fara ta ba. Tun 1998 Nikolaus Himmelmann ya rubuta maƙalar da ta raba adana harshe da bayyana nahawunsa, ya nuna cewa adanawar fanni ne mai zaman kansa da ƙa'idojinsa. A watan Janairun 2010, Ƙungiyar Masana Kimiyyar Harshe ta Amurka, LSA, ta zartar da ƙuduri cewa taskokin muryoyi, da rumbunan bayanai na kwamfuta, da tarin matani, da manhajoji, gudummawa ce ta ilimi da ya kamata a ba ta nauyi wajen ba da manyan digiri, da ɗaukar aiki, da tabbatar da malami a kujerarsa, da ƙarin girma. Ƙudurin ya kuma nemi a samar da hanyoyin tantance irin waɗannan ayyuka. A 2018 ƙungiyar ta sake fitar da bayani mai faɗi kan yadda kwamitoci za su auna su. A Amurka abin ya fi zafi, domin malami yakan yi kimanin shekara shida sannan a zauna a kansa, ko dai a ba shi kujerar dindindin ko ya nemi wani wurin. Sanarwar San Francisco ta 2012 kan auna bincike, wadda ake kira DORA, ita ma ta nemi a riƙa duba bayanai da manhajoji tare da maƙaloli. A Birtaniya, tsarin REF da ake auna binciken jami'o'i da shi ya ware wa rumbunan bayanai nasu rukuni. A Ostareliya kuma Nick Thieberger da abokan aikinsa sun wallafa ma'aunin tantance irin wannan aiki a 2016.

Kada ki ɗauka waɗannan takardu za su tilasta wa jami'arku komai. Kowace jami'a a Nijeriya tana da ƙa'idojinta na naɗi da ƙarin girma, kuma su kwamiti zai buɗe. 'Yan'uwanmu na Nijar ma nasu ya fi nisa, domin fayilolinsu hukumar CAMES ce ke dubawa, wadda aka kafa a 1968 kuma take da mazauni a Wagadugu, ita ke tantance malaman ƙasashe da dama masu amfani da Faransanci. Amfanin waɗancan takardu shi ne hujja ce a hannunki ranar da za a yi gardama.

Yanzu bari in tsaya wa 'yan kwamiti kaɗan, don tsoronsu yana da tushe. Kalmar rumbun bayanai tana rufe abubuwa masu nisan bambanci. Wani zai kwana ɗaya ya sa manhaja ta kwaso masa saƙonni dubu ɗari daga intanet, rabinsu ba Hausa ba ne, babu ɓ babu ɗ babu ƙ, ya ce ya gina rumbu. Wani zai zuba jimlolin Ingilishi a injin fassara ya kwashe abin da ya fito ba tare da ya karanta ba. Wani kuma, da zarar ya ji ana ba da maki, zai yanka aiki ɗaya gida goma ya ɗora kowane yanki daban. Mu da muka ga yadda mujallun a-biya-a-buga suka cika fayiloli, mun san cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kuma ina so ki riƙe wannan da kyau: lambar DOI, wato lambar dindindin da ake ba takarda ko fayil a intanet, ba shaidar inganci ba ce. Dandalin Zenodo, wanda cibiyar binciken kimiyya ta CERN ke gudanarwa tun 2013, yana ba duk wanda ya ɗora fayil wannan lamba kyauta. Aikinta shi ne ta tabbatar da cewa abin yana nan a inda aka ce, ba ta ce kowa ya karanta shi ba.

Saboda haka tambayar da nake yi wa duk wanda ya kawo mini irin wannan aiki ita ce, me ya sa muke amincewa da maƙalar mujalla tun farko? Saboda tana da siffa tsayayya wadda ba ta sauyawa, tana ajiye a inda kowa zai same ta, an san wanda ya rubuta ta da shekarar da ta fito, kuma wasu masana da ba abokan marubucin ba sun karanta ta kafin a buga. Rumbun da ya cika waɗannan sharuɗɗa ya zama wallafa. Wanda ke zaune a kwamfutar mai shi, ko a Google Drive, komai kyansa daftari ne har yanzu. Ina jin naki a wannan mataki yake, kuma tazarar da ta rage ba ta da yawa.

Abu na farko, ki kai shi taskar da aka sani. Ga harshe irin wanda kika yi aiki a kansa, ELAR ce ta fi dacewa, taskar harsunan da ke fuskantar barazanar ɓacewa, wadda ta fara a makarantar SOAS ta Jami'ar Landan ta koma Berlin a 2021. Za su nemi ki cika bayanin kowane naɗi: wa ya yi magana, shekarunsa, a ina, yaushe, wane irin zance ne, tatsuniya ce ko hira ko waƙar daka. Wannan aiki yana da gajiyarwa, amma shi ne ke mayar da tarin fayiloli abin da baƙo zai iya amfani da shi. Za su kuma tambaye ki izinin masu maganar, da abin da suka yarda a buɗe wa kowa da abin da suka ce a rufe. Idan akwai zancen da ya shafi sirrin gida ko na al'ada, ki koma ki tambaye su da bakinki.

Na biyu, ki rubuta maƙalar da ke gabatar da rumbun. Wannan ita ce ƙofar da take a buɗe yanzu ba tare da an sauya ko harafi ɗaya na ƙa'ida ba. Mujallar Language Documentation & Conservation ta Jami'ar Hawaii tana buga irin wannan, kuma misali mafi kusa da mu na gida ne: a 2015 Sophie Salffner ta wallafa jagora ga taskar da ta gina a kan harshen Ikaan na yankin Akoko. Ki neme ta ki ga yadda ta tsara ta. Ƙamus ɗinki kuwa, akwai mujallar Dictionaria da ta fara fitowa a 2017, wadda ƙamusoshi kaɗai take bugawa a siffar rumbun bayanai, bayan masana sun tantance su kamar kowace maƙala. Tun kafin nan, rumbun kalmomin aro na duniya, WOLD, ya fito a 2009 da harsuna 41, kowane harshe da sunan waɗanda suka yi aikinsa, kuma ana ambaton kowanne a matsayin wallafa mai zaman kanta. Ɓangaren Hausa Ari Awagana da Ekkehard Wolff ne suka shirya shi.

Matasanmu na ɓangaren kwamfuta sun riga mu gane wannan hanya. NaijaSenti, tarin saƙonnin Twitter na Hausa da Ibo da Yarbanci da Pidgin da aka yi wa alamar yabo ko suka, ya fito ne tare da takardar da aka gabatar a taron LREC na 2022, wato taron masana albarkatun harshe, Shamsuddeen Hassan Muhammad ne ke kan gaba a jerin marubutan. MasakhaNER na 2021, tarin jimlolin da aka yi wa alamar sunayen mutane da wurare, wanda ya ƙunshi harsunan Afirka goma har da Hausa, a mujalla aka gabatar da shi. Takardar ce ake ambata, ita ce ke shiga fayil. Sai dai nan ma akwai ciwo: irin waɗannan ayyuka sukan ɗauki marubuta da yawa, ƙa'idojinmu kuwa sukan rage makin mutum gwargwadon yawan sunaye, har wanda ya yi watanni yana sa wa jimloli alama ya tashi da abin da bai taka kara ya karya ba.

Wannan dabara tana fitar da mutum, amma ba ta gamsar da ni ba. Maƙalar shafi ashirin ta samu maki, aikin shekara huɗu da ta bayyana ya tashi a tutar babu. Gyaran gaskiya shi ne a buɗe gurbi a littafin ƙa'idoji, kuma hanyar a sane take: takarda daga sashe zuwa hukumar tsangaya, daga nan zuwa majalisar dattawan jami'a. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, don haka ki nemi 'yan sashen kwamfuta, da na tarihi masu naɗar tarihin baka, da na Larabci masu adana rubuce-rubucen ajami, domin ciwonku ɗaya. A ra'ayina, abin da ya kamata takardar ta nema shi ne a ƙirga rumbun da ke ajiye a sananniyar taska, mai tsayayyar siffa, wanda masana biyu na waje suka duba. Ƙarami mai cikakken sharhi a auna shi da maƙala, babba mai ƙamus da matani a auna shi da littafi. A ƙirga shi sau ɗaya ko da an sabunta shi, sai fa in ƙarin ya kai a kira shi sabon aiki.

Tantancewar ma ba ta da wuyar da ake zato. Ba sai mai dubawa ya saurari komai ba. Ni idan aka ba ni, nakan zaɓi wurare biyar ko shida da ka, in saurari 'yan mintoci a kowanne, in ga ko rubutu ya dace da murya. Sai in ɗauki ɗafi ɗaya in bi shi cikin rumbun gaba ɗaya in ga ko sharhinsa bai sauya ba. Sai in duba masu maganar: maza ne kaɗai, ko akwai mata? Tsofaffi ne kaɗai? Duk tatsuniya ce, ko akwai hirar yau da kullum, inda mutane ke katse juna? A yini biyu na san ko aikin na ƙwarai ne, kamar yadda nake sani idan na karanta littafi.

Abin da ke sa ni zafi a wannan magana ya wuce makin mutum ɗaya. Nijeriya tana da harsuna sama da 500, kuma ƙasar Bauchi da kike aiki a cikinta ta riga ta binne wasu, irin su Ajawa da Kubi da Gamo-Ningi, waɗanda jikokin masu su Hausa suke yi yanzu. Mu masu jin Hausa muna da nauyi na musamman a nan, tunda harshenmu ne ke maye gurbinsu. Marigayi Russell Schuh tare da Alhaji Maina Gimba da 'yan ƙasa masu harsunan sun yi wa Bole da Ngizim da Bade da Karekare da Ngamo da Duwai aiki a Yobe, Bernard Caron ya yi wa Zaar. Sauran fa? Matashin malami yana da lissafi. Ya san shekara uku ce galibi tsakanin mataki da mataki, ya san yawan maƙalolin da ake nema. Idan ya ga abin da ya same ki, zai zauna a ofis ya rubuta maƙala ta ashirin a kan jam'in suna a Hausa, ya bar tsohuwar da ta rage da waƙoƙin kakanninta ta tafi da su kabari. Ƙa'idar ƙarin girma ita ke gaya wa matasa inda za su zuba ƙarfinsu, ko mun yi nufin haka ko ba mu yi ba.

Ga wannan zagaye, shawarata ita ce kada ki jingina neman matsayinki a kan rumbun kaɗai. Ki ciro maƙaloli biyu ko uku daga cikinsa, kayan suna hannunki, kuma za su fi na kowa ƙarfi tunda kowane misali yana da muryar da ke bayansa. A kowace maƙala ki ambaci rumbun a jerin manazarta da sunanki da shekara da lambarsa, kamar yadda za ki ambaci littafi, ki kuma sa ɗalibanki su yi haka. A takardar tarihin aikinki ki ba shi kanun kansa, ki haɗa da shafi ɗaya da ke bayyana yawan sa'o'in da aka naɗa, da nawa aka rubuta, da nawa aka yi wa sharhi, da sassan da kika yi da hannunki. Sunayen waɗanda suka taya ki rubutu da fassara, da na tsofaffin da suka ba ki muryoyinsu in sun yarda, su fito fili a jikin aikin. Malaman da suka rubuta wa Edgar tatsuniyoyi, kaɗan ne daga cikinsu mai karatu ke iya kiran sunansu yau, kada mu maimaita wannan.

Kafin duk wannan, a cikin makon nan, ki kwafi fayilolin muryar na asali a wuri uku, ɗaya daga ciki ba a gidanki ba kuma ba a ofis ba. Na san abokin aikin da aka ɗauke wa jakar kwamfuta a tashar mota, da naɗin shekara biyu a ciki, kuma biyu daga cikin dattawan da ya naɗa sun riga sun rasu. Idan kin gama cike bayanan naɗin, ki turo mini daftarin takardar da za ta je tsangaya, zan karanta in sa hannu tare da ku.